Mai Sa Manya Dariya: Ɗan Barkwancin Kudancin Kano da Kasuwar Tarukan Kamfanoni

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kudancin Kano, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wadan Ɗankadai, ya san motar 'yan talla. Buɗaɗɗiya ce, an ɗaure mata manyan lasifikoki, an lulluɓe ta da ƙyallen kamfani, yau na layin waya, gobe na sinadarin ɗanɗano ko maganin feshi. Samari ne cike da bayanta sanye da riguna iri ɗaya, amma mutum guda ne ke tsayar da kasuwa, wato wanda aka miƙa wa abin magana. Ba ya fara ambaton kayan da aka kawo. Sai ya tsokani mai rake da ke gefe, ya kwaikwayi Bafulatani yana cinikin waya, ya juya ya zama dillalin shinkafa yana rantsuwa cewa faɗuwa ya yi alhali aljihunsa ya kumbura. 'Yan dako su sauke buhu, 'yan acaɓa su kashe mashin. Sai da'ira ta cika maƙil sannan ya ɗaga kwalin sama.

Da yamma, bayan an naɗe ƙyalle, wakilin masu tallan zai ja shi gefe ya danƙa masa kuɗin wuni, ko ya ce ya je zai ji shigarsu ta waya. Ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. Amma aikin da ya yi, sa mutane dariya don kamfani ya isar da saƙonsa, shi ne matakin ƙasa na sana'ar da ta gina wa wasu gidaje a Legas da Abuja. Akwai tazara mai yawa tsakanin bayan motar nan da zauren otal inda manajojin banki ke cin abincin ƙarshen shekara, kuma ba ƙarancin gwaninta ne ya haifar da tazarar ba.

Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa mai tsayawa gaban jama'a ya sa su dariya ba. Ɗan kama yana nan tun kafin rediyo: ya ari salon fitaccen mawaƙi ko karin karatun malami, ya cika shi da zancen tuwo da miya da fura, har wanda ake kwaikwaya ma ya murmusa. Sana'ar ta yi ƙarfin da wani manazarci Bature, C. G. B. Gidley, ya wallafa dogon nazari a kanta a 1967. Akwai 'yan gambara da kaifin bakinsu a kasuwa. Akwai wawan sarki, mai izinin furta abin da hakimi ba zai iya furtawa a fada ba. Akwai tashe da yara ke fita da shi daga goma ga azumi, suna kwaikwayon tsoho da gwauro da mai maganin gargajiya. Ga kuma wasan da ke tsakanin al'ummomi da dangi: Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, taubashi da taubashiyarsa, jika da kakarsa. A Jamhuriyar Nijar har hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Yaron da ya tashi a Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, inda ƙasar Kano ta haɗa iyaka da ta Zazzau, ga rugagen Fulani kewaye da dajin Falgore, da wannan tsokana yake buɗe ido, kowace ranar kasuwa ana koya masa ita kyauta.

Abin da gadon bai koya masa ba shi ne yanka farashi. Ɗan kama ba ya ciniki kafin wasa. Ya yi, a ji daɗi, a ba shi abin da ya sawwaƙa: riga, ko damin dawa, ko 'yan kuɗin liƙi. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma attajiran zamaninsa hannu suke sawa a aljihu su sallami maroƙi ko makaɗi gwargwadon yadda ransu ya yi fari. Kamfanonin da jikokin irin waɗannan attajirai ke gudanarwa yau da akanta suke aiki, da takardar neman biya, da mai binciken kuɗi da zai tambayi dalilin fitar kowace naira. Wanda ya je musu da "duk abin da Allah ya hore, ranka ya daɗe" ya riga ya sa kansa a layin masu neman taimako, kuma na mota kaɗai zai samu. Sannan ga kallon da jama'a suka daɗe suna yi wa duk sana'ar da ta yi kama da roƙo, wanda ya sa har gobe iyaye da yawa ba sa son a ce ɗansu ɗan wasa ne.

Da gidajen rediyo da talabijin suka zo, barkwancin Arewa sai ya bi hanyar wasan kwaikwayo. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya yi shekara da shekaru yana Samanja Mazan Fama daga Kaduna, da Hausarsa ta bariki mai gauraye da Turanci, ya kuma rasu a Nuwamba 2023. Kasimu Yero ya yi Karambana. Sai Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, wanda ya bar aikin gandiroba ya zama ma'aunin da har yanzu ake gwada kowane ɗan barkwancin Kannywood da shi, duk da ya rasu tun Disamba 2014. Bosho da Daushe da Naburaska da Baba Ari duk wannan layi suka bi. Gwanaye ne, amma dariyarsu tana buƙatar shiga ta musamman, da abokin faɗa, da labari, da kyamara. Mutum ɗaya tilo riƙe da abin magana, ba gemun jabu ba yagaggiyar riga, yana zuba zance na minti 15 ana kwasar dariya, wannan salo bai samu gindin zama a Kano ba. A Legas da Warri da Benin an rene shi ne a harabar jami'o'i da wuraren shaƙatawar dare, irin wuraren da yawancin Kanawa ba sa zuwa, balle su kai iyali.

Wanda ya mayar da wannan salo ya zama kasuwanci a Najeriya shi ne Atunyota Akpobome, ɗan Warri, da aka fi sani da Ali Baba. Ya fara tun yana ɗalibi a jami'ar Ekpoma a ƙarshen shekarun 1980, ya koma Legas a 1990, lokacin da mai ba da dariya a biki abinci ake zuba masa a sallame shi da ɗan abin da ba a rasa ba. Shi kuwa ya sa kwat, ya yi wa sana'arsa rajista, ya nufi bankuna da manyan kamfanoni. A 1998 ya biya aka kafa masa allunan talla a manyan titunan Legas, masu sanar da cewa ba da dariya kasuwanci ne na gaske. A zamanin mulkin Olusegun Obasanjo na farar hula ya zama mai tsokanar shugaban ƙasa a gaban idonsa, shugaban na ƙyalƙyala dariya, kuma a 2012 aka gayyace shi ya kaɗa ƙararrawar rufe kasuwar hannun jari ta Najeriya. A gefe guda, tun 1995 Opa Williams ya fara shirya taron Nite of a Thousand Laughs, inda ake yankar tikiti don kallon barkwanci zalla, daga baya kamfanin Glo ya zagaya birane da nasa, Laffta Fest. Abin koyi a tarihin Ali Baba ba kwat ɗin ba ne. Ya shiga ofis ne a matsayin mai sayar da aiki: ga abin da zan yi, ga tsawonsa, ga kuɗinsa.

Arewa ma ta samu nata misalin. Obinna Simon, wanda ake kira MC Tagwaye, Ibo ne da ya tashi a Katsina, Hausa ta zauna a bakinsa daram. Bayan zaɓen 2015 ya yi suna da kwaikwayon Muhammadu Buhari: muryar, da yadda yake jan kalmomin Turanci, da tsayuwar, da hula da tabarau. Hakan ya kai shi manyan taruka a Abuja, gaban mutanen da ke aiki da wanda yake kwaikwaya. Ya mallaki abu ɗaya da ba a samu wajen kowa sai wajensa, yana yinsa ta yadda mai abin ma zai iya dariya, kuma yana sauya harshe daga Hausa zuwa Turanci ba tare da tuntuɓe ba. Haɗarin irin wannan jari shi ne yana tafiya da zamanin wanda ake kwaikwaya.

To, ga ɗan Tudun Wada ko Bebeji, su wane ne kamfanin? Kuskure ne ya ɗaga kai yana hango Legas ya tsallake abin da ke gabansa. Tun da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, kudancin Kano ya zama ƙasar noman kuɗi. Tudun Wada gari ne na shinkafa da injinan casa, Doguwa ƙasar masara ce. Inda noma ya yi ƙarfi kuwa, kamfanonin iri da taki da maganin feshi ba sa rabuwa da wurin. Suna tara manoma a gonar gwaji su nuna musu bambancin wannan kunya da waccan. Bankuna na zuwa buɗe asusu da raba na'urorin POS. Ƙungiyoyin manoma irin su RIFAN da na masu casa suna ƙaddamar da shugabanni. Ƙungiyoyin agaji na taron wayar da kai kan rigakafi da awon ciki. Ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman makaranta na walimar ban-kwana ga wanda ya yi ritaya. A Bebeji aka gina otal ɗin Bagauda da na Rock Castle a Tiga don baƙi da taruka, na Bagauda kuma yau shi ne reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Tafiyar awa biyu ko kusa da haka daga Tudun Wada, ga birnin Kano da kasuwar baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa duk ƙarshen shekara, da zaurukan otal irin su Tahir da Bristol inda ake liyafar ma'aikata.

Kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai rubuta ɗan barkwanci a kasafin taronsa. Mai gabatarwa suke rubutawa, wanda kowa ke kira MC. Ta nan ƙofar take, kuma wanda ya raina ta ba zai shiga ba.

A duba yadda irin wannan taro ke gudana. An sa ƙarfe 10, ga shi sha ɗaya da rabi ta wuce babban baƙo bai iso ba. Manoma na zaune kan kujerun roba ƙarƙashin rumfa, ruwan leda ya yi zafi, wasu sun fara tunanin komawa gona. Wannan awa ɗaya da rabi da ba ta cikin takardar tsarin taro ita ce ainihin dandalin ɗan barkwanci, kuma ita ce abin da mai taro ke saye ko da bai faɗa ba. Sai a ji jiniya. Dole ya katse zance a tsakiya, ya gyara murya, ya koma sanƙira. Wa za a fara ambata, hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma? Wannan Alhaji ne kawai ko kuwa Injiniya Alhaji? Wancan an naɗa shi sarauta kwanan nan, wace ce? Wanda ya tsallake sarautar mutum ko ya sa wakili gaban mai wakilta, babu dariyar da za ta wanke shi a ranar. Saboda haka masu hankali a sana'ar sukan iso kafin a jera kujeru, su nemi sakataren taro, su rubuta sunaye da muƙamai a takarda, su tambayi yadda ake furta sunan manajan da ya zo daga Kudu. Liman ya buɗe da addu'a. Daga nan malamin gona ya tashi ya yi jawabi na rabin awa cike da Turancin makaranta, a tafa masa ba tare da an gane rabinsa ba.

Nan ne gwani ke cin kuɗinsa. Ya karɓi abin magana ya mayar da jawabin cikin Hausar gona: tazarar ramin shuka, ranar zuba taki na farko, abin da ke faruwa ga wanda ya zuba a kan ganye ya tafi majalisa. Ya kwaikwayi manomin da ya sayar da takin bashi ya ƙara aure, sannan kaka ta zo yana ɓuya a bayan rumbu. Ana dariya, amma saƙon ya shiga. A taron kamfani a wannan yanki, mai barkwanci rabin aikinsa tafinta ne, kuma wannan ne abin da gwanin da za a ɗauko daga Legas da kuɗi masu yawa ba zai iya yi ba.

Abin da ake tsokana kuma yana da iyaka, iyakar ta fi ta bakin kasuwa ƙunci. Mafi aminci shi ne mutum ya fara da kansa, da garinsu, da matsalar da ta haɗa kowa: layin banki, ɗaukewar sabis ana tsakar tura kuɗi, alƙawarin tela ana gobe Sallah. Ana iya taɓa shugaban kamfani, amma sai an nemi amincewarsa tun kafin a zauna, kuma tsokanar ta zama mai ɗaga shi. Ba a taɓa ƙaramin ma'aikaci, domin gobe da sunan za a riƙa kiransa a ofis. Ba a taɓa matan da ke zaure, ba a taɓa mai larura. Wasan ƙabila ma yana da sharaɗinsa na gado: Bakano ya ce wa Bazazzagi bawansa, Bazazzagin zai rama a yi dariya, domin tsohuwar yarjejeniya ce, amma wannan izini bai kai kan akanta Bayarabe ko injiniya Ibo da ke zaune a babban tebur ba. A Doguwa, inda ake zaune da Kurama da Kiristoci, mai abin magana ya kamata ya san wanda ke gabansa kafin ya buɗe baki. Addini kuwa ba a kusantarsa ko da wasa.

Mutanen yankin sun san ƙarfin wannan iyaka fiye da kowa. A Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji ne gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina dandalin shirya fina-finai na naira biliyan 3, amma a Yuli 2016, bayan malamai sun yi ca a kan mumbari da kafofin sada zumunta, aka soke shirin. Ibro kansa an yanke masa ɗaurin wata biyu a 2008 kan fim ɗin Ibro Aloko, a lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta matsa wa 'yan fim lamba. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Mutum na iya ganin hukuncin ya yi tsauri, kuma da yawa sun gani. Amma jami'in hulɗa da jama'a na kowane kamfani ya karanta waɗannan labarai, ya kuma san cewa a zauren akwai waya a hannun kowa, daƙiƙa 30 da aka yanko daga tsakiyar zance ta isa ta jawo wa kamfaninsa ƙauracewa. Kafin ya tambayi ko mutum na da ban dariya, yana tambayar ko za a kwana lafiya bayan ya sauka.

Siyasa ita ce jarabawar da ta fi kusa. Ɗan takara yana biya nan take, a hannu, kuma ya fi kowane kamfani sakin hannu. Sai dai a yanki irin Tudun Wada da Doguwa, inda zaɓen 2023 ya zo da tashin hankali da asarar rayuka, wanda ya hau motar kamfe ya yi wa abokin hamayya zambo ya sayi rabin gari ya sayar da rabi. Banki kuwa yana da masu ajiya a kowace jam'iyya. Akwai hanyar masu barkwancin suka, irin ta Bello Galadanci da ake kira Ɗan Bello, wanda bidiyoyinsa kan shugabanni suka karaɗe wayoyi, kuma al'umma na buƙatar irinsa. Amma hanya ce dabam da ta taron kamfani, kuma da wuya mutum ɗaya ya bi su duka biyu.

Sai batun takardu, wanda nan ne masu baiwa da yawa ke tsayawa. Kamfani yana son suna mai rajista a hukumar CAC, da asusun banki mai ɗauke da sunan, da takardar neman biya mai kwanan wata. Yana cire haraji kafin ya tura. Sau da yawa ba shi ke ɗaukar mai gabatarwa kai tsaye ba, yana ba masu shirya taruka kwangila ne, su kuma su cire tasu la'adar, su biya bayan wata guda ko fiye. Wanda bai karɓi kafin alƙalami ba, ya sa kuɗinsa ya hau mota daga Tudun Wada zuwa birni, ya yi gugar kaya, ya yi aiki, yana iya ƙarewa da "za mu neme ka". Neman rabin kuɗi kafin ranar taro ba rashin kunya ba ne. Mai kujeru da mai rumfa da mai janareta duk haka suke yi, ba wanda ya zarge su. Shaidar aiki kuma yau a waya take. Mabiya a Facebook da TikTok suna taimakawa, amma abin da ke gamsar da mai taro shi ne bidiyon minti uku na mutum a gaban taro na gaske, ana jin dariyar jama'a, ana ganin manyan baƙi sun saki fuska.

Akwai wata wahala da ba a gani sai an shiga. Masu halartar manyan taruka a Kano ba su da yawa. Manajan da ya ji labari a liyafar banki shi zai sake zama a ƙaddamarwar ƙungiyar 'yan kasuwa mako mai zuwa. Ɗan kama na da yana iya yawo da wasa ɗaya kasuwa bakwai. Na zaure dole ya riƙe littafi yana rubuta abin da ya ji a tasha da wurin mai shayi, ya gwada shi a wurin da faɗuwa ba ta da tsada: bikin yaye ɗalibai, dinar abokai, sharhin gasar ƙwallon unguwa. Mata ma suna da fili a nan da ba a cika ba. Kamfanonin kayan girki da sabulu da ƙungiyoyin lafiya suna yawan tara mata zalla, kuma a irin wannan zama namiji ba zai iya faɗin abin da mace mai iya baki, wadda ta goge a kamu da walima, za ta faɗa a yi shewa ba.

Aikin yana da kakarsa. Daga Oktoba zuwa Disamba, an girbe amfani, kuɗi sun shigo ƙauye, kamfanoni na rufe shekara, taruka na cin karo da juna. Azumi na zuwa a yi tsit sai shan ruwa, inda wa'azi ya fi dacewa da wuri. Gab da faɗuwar damina masu iri da taki su motsa, daga nan kuma sai jefi-jefi har kaka. Mai gabatarwa na birni da ba shi da wata hanyar abinci yakan karɓi duk abin da aka miƙo a waɗannan watanni, ya karya farashin da ya sha wuya kafin ya kafa. Ɗan Tudun Wada ko Doguwa yana da gona da zai koma, kuma wanda ke da buhunan shanshera jibge a ɗaki yana iya ce wa mai shirya taro kuɗin sun yi kaɗan, a ƙara ko a nemi wani.